Bedi a Gonar Aro

Haƙora uku suka rage mini a gaba, kuma duk wanda ya tafi na san hannun da ya raka shi. Biyu wani direban tirela ne ya cire mini da ƙarfen kwance taya a bakin shingen Jibiya, a kan lodin albasa da na ce ni na riga kowa dafa shi. Ɗaya na bar shi a goshin wani ɗan kamasho, ina jin har yau yana yawo da shaidata. Shekara talatin da 'yan kai na yi ina dako a kan iyakar nan, kuma a sana'armu wanda bai iya naushi ba da yunwa yake kwana. Boko aji uku na yi. Abin da na fito da shi, ina haɗa baƙi da ƙyar, kuma na san bulalar malamin lissafi ta fi ta kowa shiga jiki. Wanda ya ga rubutun nan ya karkace ya yi haƙuri, mai shi ma a karkace yake.

Ranar da direban nan ya fasa mini baki, 'yan dakon garinmu tsayawa suka yi suna kallo, don rabinsu na taɓa dukansu. Wanda ya kwashe ni daga ƙasa wani baƙo ne mai amalanke, mutumin Maradi, dogo, marar yawan magana. Ya ɗora ni a amalankensa kamar buhun gawayi ya tura ni har wurin mai magani, jini na ɗiga ta tsakanin katako. Da na dawo hayyacina na tambaye shi me ya sa ya taimake ni. Ya ce, "Ka tare min hanya ne." Tun daga ranar muka ƙulla.

Ni na samo masa gona, a wurin taubashina. Ɗan kawuna ne, ni ɗan mace, don haka tun muna yawo ba wando yake kirana bawansa. Da aka raba gadon kakanmu, babbar gonar da ke kan hanyar Magama ta faɗa gidansu, mahaifiyata kuma aka yanka mata wani siririn yanki a bakin kwazazzabo, wanda duk damina ruwa ke gutsurar rabonsa. Ba na cewa an yi zalunci, malamai ne suka raba. Amma duk sanda na wuce ta gefen babbar gonar sai in ji haushi, kuma da wasan taubashi nake huce shi. Shi ya taɓa zuba mini garin barkono a buta. Ni na taɓa baza labarin ya rasu, mutane suka zo ta'aziyya suka tarar da shi a ƙofar gida yana shan koko. Aka yi zagi, aka yi dariya, aka wuce. Wasan taubashi ba ya zuwa gaban alƙali.

Shi dillalin hatsi ne, ga shi da wasu gonakin can wajen Bugaje, wannan ta kusa ba ta dame shi ba. Na je na ce ya ara wa abokina gefenta. Ya ce, "Bawa ya kawo bawa." Ya ba shi a gaban shaidu biyu.

Kowa a ƙasar nan ya san sharaɗin aro, ba sai an faɗa ba. Mai aro ya shuka gero, dawa, wake, gyaɗa, duk abin da zai mutu kafin wata damina. Ba ya gina rijiya, ba ya ɗora bulo, kuma ba ya dasa itace. Shaidu mutuwa suke yi su bar itace a tsaye, wata rana jikan mai aro ya zo ya dafa shi ya ce kakana ya dasa. An sha zubar da jini a kan wannan tun kafin a haife ni. Shekara goma sha bakwai mai amalanke yana noman wurin, duk kaka ya ɗauki dami ɗaya a ka ya kai ƙofar gidan taubashina, don a tuna wa juna mai gona. Ko zogale bai taɓa kafawa ba. Da gonar nan yake ciyar da baki takwas, don amalanke ta daina riƙe gida tun da aka fara rufe iyaka ana buɗewa kamar ƙofar shago.

Sai zamani ya juya. Ɓarayin daji suka hana noman nesa. Waɗanda suka yi taurin kai suka tafi gonakin wajen Bugaje, wasu a kan ƙyaure aka dawo da su, wasu har yau ba a dawo da su ba. Babban ɗan taubashina da idonsa ya ga an harbe ɗan ƙodagonsa a kan kunya, shi ya tsira ne don ya faɗa cikin ƙaya ya yi lamo. Tun daga nan ba ya dariya, ba ya kuma fita ba adda. Gonar kusa da gari ta zama nama a tsakiyar kuraye. 'Ya'yan taubashina su uku suka fara matsa wa ubansu ya karɓe gonar aro. Shi kuwa ya ce ba zai kori mutumin da bai taɓa saɓa sharaɗi ba. Duk unguwa ta san da wannan magana. Ni ma na san ta, kada wani ya yi mini uzurin ban sani ba.

Ana cikin haka baƙin suka zo. Masu aikin sa-kai ne daga ƙasashen waje, ba irin 'yan sa-kanmu masu bindigar toka ba. Mutane ne da suka baro garuruwansu suka zo aiki ba albashi, sai abinci da wurin kwana. Da na ji haka na ce ko dai zinariya suke nema, ko kuma a can ma ba a son su. Biyu ne suka zauna a Jibiya. Akwai wata 'yar Senegal mai aikin jinya, ta zo ne saboda matan da aka koro daga ƙauyuka da 'ya'yansu. Akwai kuma wani Bahabashe, malamin itace, siriri mai tabarau, wanda ya koyi Hausa a littafi, in ya gaishe ka sai ka ji kamar an kunna rediyo. Shi kwazazzabai ne suka kawo shi. Ya ce a garinsu irin wannan rami ya cinye gonar babansa har da kabarin kakarsa, sai da suka tare shi da itatuwa. Ya kafa wurin rainon dashe a bayan makarantar firamare, bedi, wanda wasu ke kira darbejiya, da bagaruwa da gawo jere a cikin baƙar leda, safe da yamma yana ba su ruwa kamar mai jego.

Suna neman ɗan gari da zai riƙa shiga da su gonaki. Na ce musu ina jin Turanci da Faransanci. Ban yi ƙarya ba, ina jin zagi a duka biyun. Aka ba ni koriyar riga 'yar shara da hula hana-salla. Matata ta dube ni ta ce na yi kama da kwaɗon da ya samu sarauta. Ban kula ta ba. A rigar nan na wuce ta gaban 'yan kwastan ban rusuna ba, karo na farko a rayuwata, har ɗaya ya ce mini sannu da aiki.

Bahabashen yana da ƙa'ida biyu. Ta farko, manomi shi zai dasa da hannunsa, don a cewarsa mutum ba ya barin akuya ta cinye abin da ya durƙusa ya dasa. Ta biyu, zai zagaye gonar da wayarsa a hannu ya auna ta, sannan ya ɗauki hoton manomin kusa da dashensa, a aika wa waɗanda suka turo su, su ga aiki na tafiya su ƙaro wasu. A gonakin masu gona wannan bai dami kowa ba. Mun yi ƙauyen Kusa, mun yi gefen Magama, lafiya lau.

Ranar da muka iso gonar mai amalanke yana cikin noman firi, noman farko bayan shuka. Wani reshen kwazazzabo ya fara lasar kusurwar gabas. Bahabashen ya tsuguna ya daɗe yana duba, ya ce in ba a sa bedi ashirin a nan ba, kafin 'yan shekaru rabin gonar ya tafi.

Mai amalanke ya jingina da hauyarsa ya kira shi Mushe, wato Malam a Faransancin mutanen Nijar, ya ce, "Mushe, gonar ga ba tawa ba ta. Aro na. Mai aro ba shi dasa icce."

Bahabashen ya juyo gare ni. "Baba, haka ne?"

A nan ne shaiɗan ya dafa kafaɗata, ko in faɗi gaskiya, ni na dafa tasa. Na hango fuskar taubashina in ya zo ya tarar da itatuwa jere a gonarsa. Na hango shi yana tsalle da tumbinsa yana zagi, ni ina laɓe bayan wata kalgo, in fito in ce ni ne, a yi dariya, a tumɓuke, a wuce. Iyakar abin da na hango ke nan. Kaina bai taɓa ɗaukar lissafin da ya wuce na gobe da safe ba.

Na ce, "Haka ne, amma mai gonar ɗan'uwana ne. Jiya na yi masa magana, ya ce a dasa, ai gyara ne."

Mai amalanke ya dube ni. "Shi ya ce?"

"Da bakinsa."

"To shi zo shi sa na farko da hannunshi, sannan in bi."

"Ya tahi Katsina kan hatsi, sai jibi. Haba tsoho, ni zan yi maka ƙarya? Wa ya samo maka gonar?"

Ya ajiye hauya ya karɓi leda ta farko. Ya dasa ashirin cif. Bahabashen ya zagaye gonar da waya, masu wucewa a hanya suna rage tafiya suna kallo, sannan ya tsayar da shi kusa da dashen ya ce ya yi murmushi. Bai yi ba.

Niyyata washegari in ja taubashina zuwa gonar in kwashi dariyata. Aka yi ruwa, na yi barci. Kashegarinta aka yi suna a maƙwabta, na tafi cin waina. A kwana na uku Bahabashen ya manna hotunan manoma a allon da ke ƙofar wurin rainon dashe, kowane da rubutu a ƙasa, manomi a gonarsa, ga kuma faɗin gonar. Ƙaramin ɗan taubashina, wanda ya yi sakandare, ya bi ta wurin ya karanta.

Da hantsi muna gonar, mun koma duba ko dashen ya kama, ni da Bahabashen da mai amalanke. Sai ƙarar babura. Uku ne, kowane da goyo, 'ya'yan taubashina da abokansu, riƙe da gorori. Ba su yi sallama ba. Babban ya sauko da hoton a hannu ɗaya, an yago shi daga allo, adda a ɗaya hannun.

"Kai ɗan Nijar, gonar ubanka ce?"

Mai amalanke ya ce, "Ta babanku ta. Shi ya ba da izini."

"Har awo ka sa aka yi. Har takarda."

"Ku tambayi babanku."

"Daga wurinsa muke. Ya ce bai san zancen ba."

Mai amalanke ya waigo ya dube ni.

Abin da ya kamata in yi a nan ko jariri ya sani, baki kawai zan buɗe. Amma na dubi idon babban nan na ga ba wanda na sani ba ne, wanda na sha ɗorawa a wuya zuwa kallon dambe. Idon wanda ya kwanta cikin ƙaya ne yana jin ana harbin mutum. Ni da na yi shekara talatin ina fasa bakin maza, sai na ji ƙafafuna sun yanke shawara ba su tuntuɓe ni ba. Na ja da baya, na ƙara ja, ƙasa ta ƙare, na faɗa kwazazzabo. Da na ji ni a ƙasa kuma ban yi ƙoƙarin fitowa ba. Na kwanta rub da ciki a cikin laka da koriyar rigata.

Sauran da kunne na gan shi. Gora ƙara biyu gare ta. In ta sami baya ka ji tim, in ta sami ƙashi ka ji ƙas, kamar an taka busasshen kara. Na ji tim ba adadi. Na ji ƙas sau biyu. Mai amalanke bai yi ihu ba, sai wani gurnani irin na sa a hannun mahauta, da salati a gutsure. Na ji Bahabashen yana ta faɗin don Allah ku dakata, don Allah ku saurare ni, da Hausarsa ta rediyo, sannan aka yi ƙas na uku, rediyon ya ɗauke. Can sai dashen bedi suka fara faɗowa a kaina ɗaya bayan ɗaya da ƙasarsu, ana tumɓukewa ana jefowa ramin. Ɗaya ya same ni a ƙeya. Na ƙirga su don ba ni da abin yi. Ashirin.

Da baburan suka tafi na rarrafo. Bahabashen na kwance a kan mai amalanke ya rufe shi da jikinsa, tabarau ya karye, goshinsa a dare har ana ganin fari, jini ya toshe masa ido ɗaya. Daga baya na ji cewa da babban ya ɗaga adda shi ne ya faɗa tsakani, wani ya sauke masa gora a goshi, ganin jinin baƙo kuma ya tsorata su suka hau babura. Mai amalanke kuwa hannunsa na dama ya lanƙwashe a inda Allah bai sa gaɓa ba, ƙashi ya huda fata ya leƙo, kunnensa ɗaya na reto.

Amalanken na bakin hanya. Na ɗora su su biyu na tura. Jini na ɗiga ta tsakanin katakon, katakon nan dai da na sani. Mai amalanke ya buɗe ido ya dubi lakar da ke jikina tun daga hula har ƙafa, ya mayar ya rufe. Da zagina ya yi da na fi jin daɗi.

Kafin mu isa asibiti labari ya riga mu tasha, kuma ya yi ƙiba a hanya. Cewa ake 'yan Nijar sun haɗa baki da Turawa suna auna gonakin mutane. Ba Bature ko ɗaya a garin, amma wa zai tsaya tambaya. Matasa suka far wa 'yan dakon Maradi a bakin shinge, mutanen da muka yi shekaru muna sa hannu a kwano ɗaya. Aka fasa wa wani mai shayi kai da bencinsa. Aka ƙona amalanke huɗu, aka jefa ta biyar a kwalbati. Su ma ba su naɗe hannu ba, wani direbansu ya fito da ƙarfen taya ya karya wa maƙwabcina haƙarƙari, shi da ya je sayen goro. Wasu suka wuce bayan makaranta suka tattake dashen nan kaf, wata da watanni ana ba su ruwa. Sai da jami'an tsaro suka yi harbi sama wajen la'asar sannan wuri ya lafa. Ba a rasa rai ba, kuma ba da dabarar kowa ba.

'Yar Senegal ɗin ce ta ɗinke su, ita da ma'aikatan asibiti. Ina raɓe a bakin ƙofa ta fito da hannu duk jini, ta dube ni sama da ƙasa. Da 'yar Hausarta ta ce, "Kai ba ciwo?" Na ce rami na faɗa. Ta ce, "Rami mai kyau."

Maigari ya sa ranar zama. Kafin ranar, maganar da ke yawo ita ce mai amalanke ya ci amanar aro, a karɓe gonar da abin da ke cikinta, shi kuma ya tattara iyalinsa ya koma inda ya fito. An je asibiti an tambaye shi wa ya ce masa an ba da izini. Ya ce shi dai an ce masa. Aka ce wa? Ya juya fuska bango. Ni kuwa na shige ɗaki na ce zazzaɓi nake yi. Matata na kawo mini kunu tana dire kwanon da ƙarfi.

Ana gobe zama Bahabashen ya yi sallama a ƙofar gidana, kai naɗe da bandeji, tabarau ɗaure da zare. Na fito ina tarin ƙarya. Na shimfiɗa tabarma ya ƙi zama.

"Baba, ka ce mini mai gona ya yarda."

"Ai wasa ne tsakanina da shi. Taubashina ne. Ku ba ku da taubashi a Habasha?"

Ya ce, "Mutumin ya gaya mini gaskiya da bakinsa, na bar maganarsa na ɗauki taka, saboda kai ne mai rigarmu. Wannan laifina ne, zan faɗe shi gobe. Za su tambaye ni wa ya ce an yarda, shi ma zan faɗa. Na fi so ka riga ni."

Don haka kada mai karatu ya ce tsoho ya yi jarumta. Toshe mini ramin aka yi ta baya.

Zauren maigari ya cika har waje. Taubashina na zaune, 'ya'yansa uku a bayansa. Aka kawo mai amalanke, hannu saƙale a wuya, kunne a ɗinke. Maigari bai gama buɗe taro ba na miƙe, don na san in na jira ƙafafuna za su sake yanke shawara. Na faɗi komai. Na ce ni na ƙirƙiri izinin, don in ga tumbin taubashina yana rawa. Wani a baya ya fara dariya, ya ga shi kaɗai ne, ya haɗiye.

Babban ɗan ya tsallake mutum biyu ya same ni. Mari ɗaya, na ga taurari da rana tsaka, na ji wani abu ya faɗo a kan harshena. Na tofa a tafin hannu, haƙori ne. A da huɗu ne, ka ji yadda aka yi suka koma uku. Mutane suka riƙe shi. Ban rama ba, kuma wannan karon ba don tsoro ba.

Taubashina bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Malam, ka gama?" Shekara sittin yana kirana bawa. Tun daga ranar Malam yake ce mini, in mun haɗu a masallaci ya ba ni hannu kamar baƙo. Na sha zuwa ƙofar shagonsa in tsokane shi ko zai zage ni. Sai ya ce a kawo wa Malam ruwa.

Maigari ya wanke mai amalanke, ya ɗora wa waɗanda suka dake shi nauyin jinyarsa, ya kuma roƙi a bar masa gonar. Taubashina ya sunkuyar da kai ya ce ya girbe abin da ya shuka bana, amma daga nan aro ya ƙare. Ya ce ba don mutumin ya yi laifi ba. 'Ya'yansa sun zubar da jininsa a kan ƙasar nan, in ya ci gaba da nomanta kullum za su riƙa haɗuwa da hauya a hannu, shi kuma ba zai dawwama yana tsakani ba.

Hannun ya ɗoru a karkace. Ba ya miƙewa, ba ya riƙe hauya, balle amalanke. Da kaka ta yi matarsa da 'ya'yansa suka girbe geron, ni ina can ƙarshen kunya ina yanka, ba wanda ya gayyace ni, ba wanda ya kore ni. Da aka gama ɗauri ya nuna dami mafi girma da haɓa ya ce a ɗora masa. Na ce ai aro ya ƙare, wannan kuma na mene ne. Ya ce na bana bai kai ba tukuna. Ni na ɗora masa a ka. Ya dafe da hannun hagu ya tafi har ƙofar gidan taubashina, ya sauke, ya yi godiya, ya juyo.

Bayan kwana biyu na je gidansa. Yana zaune a ƙofa yana ɓare gyaɗa da hannu ɗaya da haƙori. Na ce ina da yankin mahaifiyata a bakin kwazazzabo, ya karɓa kyauta.

"Ba ni son kyautarka. Na ga wasanka, ina ga kyauta."

"To aro."

"Gaban shaidu huɗu. Kuma ba kai za ka zaɓo su ba."

"Na ji."

"Ramin ga kuma zai cinye ta in ba a sa icce ba. Kai za ka dasa. Ni ko ledar ba ni taɓawa. Kuma a ɗauki hotonka, da wanga bakin naka."

Bahabashen bai tafi ba, ko da yake waɗanda suka turo shi sun so ya koma gida. Ya sake tara leda ya fara daga farko. Rigar dai ya karɓe ta, ya ba wata tsohuwar malamar makaranta da ta yi ritaya. Ya kuma canza ƙa'ida. Kafin a sauke dashe a gona sai mai ita ya zo da ƙafarsa ya sa na farko da hannunsa, ko da a kan jaki za a kawo shi. Maganar da mai amalanke ya faɗa tun ranar farko ke nan, sai da ta bi ta goshi sannan ta shiga.

Da damina ta dawo na dasa bedi talatin a bakin ramin, ni kaɗai, da wannan bayan nawa da dako ya gama da shi. Mai amalanke na zaune can bakin hanya, tazarar jifa, don kada wani mai wucewa ya ce ya gan shi kusa. Daga can yake ba da umarni. "Zurfafa, malalaci. Ai kai ka san cikin rami." Yankin bai kai sulusin wanda ya rasa ba, geronsa ba ya kai su bazara. Amalanken ni nake tura ta yanzu ranar kasuwa, shi yana tafe a gefe yana ciniki da masu kaya, in an tashi ya saya mini shayi in ya ga dama.

Masu sa-kan sun ƙaru tun daga lokacin. Bahabashen ya gama wa'adinsa ya tafi da tabonsa, wasu sun zo daga Ghana da Mali, har da wata mai gyaran rijiyoyi da ban iya faɗin sunan ƙasarsu ba, kuma ana cewa za a ƙaro. Ni ina so a ƙaro su. Bedin nan sun fi ni tsawo yanzu, ramin ya ci bakwai ya tsaya a na takwas. Sai dai duk sabon da ya zo, malamar nan takan kawo shi tasha ta nuna masa mu biyu. Mai amalanke ya ɗaga hannun, ni in buɗe baki. Sannan ta ce wa baƙon, in manomi ya ce maka gona ba tasa ba ce ka yarda da shi, ko da mai rigarku ya rantse.

Kasuwar da ta wuce ta kawo wani ɗan Ghana. Ya saurari labarin tsaf, ya dube mu, ya tambaya ko mu 'yan'uwa ne, tunda har yanzu muna tare. Mai amalanke ya ce, "A'a. Ya tare min hanya ne." Sannan ya ce in tura, albasar mutane na shan rana.